Shirun da Alhaji Ya Nemi Saya

Zuwairatu ba ta da rumfa a kasuwar Lafia, ba ta da ko mudun hatsi. Wayoyi biyu ne jarinta. Kullum da safe direbobi sukan kira ta daga Agyaragu da Assakio su faɗa mata yadda farashin doya da riɗi ya kwana, ita kuma ta sayar wa manoma da 'yan kasuwa labarin.

Wata Talata da hantsi Terseer direba ya kira.

"Anti, wasu masu saye daga Legas suna hanya da tirela uku. Riɗi suke nema, kuma ba sa ja da farashi."

Ta fara kiran Alhaji Abdulnasir, babban dillalin riɗi.

"Wa kika gaya wa?" ya tambaya.

"Kai ne na farko, Alhaji."

"To bari in zama na ƙarshe. Ki yi shiru zuwa la'asar, in ba ki abin da kike samu a wata uku."

Ta ce za ta yi tunani. Ta san manufarsa: yaransa su kwashe riɗin manoma da araha kafin baƙin su iso.

Ta zauna, ta tashi. Ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi. Ƙaramar wayar ta yi ƙara, sunan Iveren ya fito, manomiyar Assakio da ta shekara huɗu tana sayen labari a wurinta, yau kuma take kawo riɗi buhu goma kasuwa. Zuwairatu ta kifa wayar. Sau uku wayar tana ƙara. Ta fita bakin titi, ta tsayar da mai keke, ta sallame shi ba ta hau ba.

Bayan azahar ta kasa daurewa, ta kira Iveren.

"Kada ki sayar, 'yar'uwa, farashi zai tashi."

"Na sayar tun ɗazu," Iveren ta ce a sanyaye. "Na kira ki, ba ki ɗauka ba."

Nan take Zuwairatu ta kira Alhaji, ta ce ai ta yi shirun.

"Ba mu shirya ba, Hajiya. Cewa kika yi za ki yi tunani. Yanzu kuwa labarin ya cika tasha, me zan saya?"

Da la'asar ta hau mota zuwa Assakio, tana ta juya abin da za ta faɗa wa Iveren. Ta same ta a ƙofar gida tana ninke buhunan da babu komai a ciki. Iveren ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, amma ita kanta ba ta zauna ba.