Fitilun Motar Auta

Zancen ya iso wa Malama ne ta bakin ƙanwarta, wadda dangi ke kira Rediyo, don ita ba a kashe ta, sai dai a rage mata murya. Wai matar Auta ce ta hana shi tafiya. Auta, ƙaraminsu, ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon hanyoyi cikin dazuzzuka, ya kuma ajiye aiki da buri ɗaya: ya haɗa motar shiga daji, ya ɗauki matarsa su bi hanyoyin da ya auna, su kwana duk inda rana ta faɗi musu. Mota dai an saya, an yi ta gyara, amma da zarar an sa ranar tashi sai matar ta ɓullo da sabuwar buƙata.

"Yau firji, gobe wurin wanka, jibi labule," in ji Rediyo a waya. "Ta ɗaure mana ɗan'uwa a ƙafar gado, Yaya. Ranar Asabar za mu je mu duka, ta ji abin da ba ta taɓa ji ba."

"Wa ya ga ta ɗaure shi?"

"Haba Yaya, ai kowa ya sani!"

Malama ta yi shekaru tana duba takardun jarrabawa, ta kuma lura cewa amsar da duk aji suka haɗu a kanta, galibi a wurin mutum ɗaya aka kwafa, shi ma bai sani ba. Sannan ta san matar nan tun tana amarya, lokacin da take bin Auta sansanin aiki, tana kwana kan tabarma, tana dafa abinci da itacen da ta tsinto. Mai irin wannan hali ba ta tashi rana ɗaya ta ce sai da labule. Saboda haka ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki sandarta ta nufi gidan, ba ta gaya wa kowa ba.

Tsakar gidan dama ba ta da faɗi, yanzu kuwa motar ta cinye ta. An ɗaga ta sama kan tayoyi masu manyan haƙora. A rufinta an ɗaure tanti a naɗe, da allon sola, da jarkokin mai. A gefe ga shebur, ga bututun shaƙar iska ya miƙe har saman gilashi don ratsa ruwa, a gaba kuma ga igiyar ƙarfe a nannaɗe ta janyo mota daga laka. Gefen dama ya manne da katanga, ko mage sai ta matse ciki kafin ta wuce. Igiyar shanya an mayar da ita lungu, tukwanen furanni an jibge su kan juna sun bushe.

Abin da ya tsayar da Malama fitilu ne. Manya a kan bamba, jere guda a rufi, ƙanana kusa da madubai, wasu ma suna kallon ƙasa.

Auta na sunkuye cikin inji. Ya ji takun ƙafa, ya ɗago, ya kalle ta sosai, ya miƙo hannu.

"Maman yara, miƙo min tsumman can."

"Maman yara ta fara dogara sanda ne ban sani ba?"

Ya yi turus, sannan ya kece da dariya. "Yaya! Rana ce ta dokar min ido. Sannu da zuwa. Ina gajiya, ina ƙafar?"

"Ƙafa tana nan tana tsufa. Kai Auta, daji za ka shiga ko filin ƙwallo za ka haska?"

"Ke ba ki san duhun daji ba. Fitilun yanzu ba su da ƙarfi, ana sa su sai su dushe."

Ya shiga zagayawa da ita, tafin hannunsa na bin jikin motar kamar mai lallashin yaro. Ya janyo aljihun da murhu ke ciki, ya murɗa famfon tankin ruwa, ya buɗe firjin ya ce ta sa hannu ta ji. Sifanoninsa a jere suke kan buhu daga ƙarami zuwa babba, in zai ɗauka sai ya shafa bakin kowane da babban yatsa. Komai na motar yana aiki. Malama ta nemi abin da ya rage, ba ta samu ba.

Matar ta fito da kofin ruwa, ta durƙusa ta gaishe da Malama. Ta rame. Da za ta ba mijin nasa ruwan, ba ta tsaya ya karɓa ba, sai da ta taɓa masa bayan hannu da kofin.

"To, yaushe ne tashin?" Malama ta tambaya.

"Sai an sa tsani, Yaya," matar ta amsa tun Auta bai buɗe baki ba. "Gwiwata ba za ta kai ni tantin can ba."

Malama ta nuna da sanda wani tsani da ke manne a bayan motar. "Wannan fa, makarar wa ce?"

"Wannan ya miƙe da yawa. Mai ɗan kwanciya nake so."

"Kin ji ta ko?" in ji Auta, yana murmushi. "Gimbiya ke nan. In an sa wani tsanin za ta ce sai mai kafet."

Malama ta tambayi kanta: Ashe Rediyo ma takan kama tasha daidai? Ta dubi matar, matar ta dubi ƙasa.

"Ni ba na buƙatar tsani," in ji Malama. "Kai ni ƙarshen layi ka dawo da ni. In na mutu ban hau abin nan ba, ai an cuce ni."

"Batir ya yi sanyi, Yaya," matar ta ce da sauri.

"Yanzu na sa hannu a firji."

"Man ciki kaɗan ne."

"Ga jarkoki can a sama. Ko ruwan alwala ne a ciki? Auta, motarka ce ko tata?"

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya lalubo makulli a aljihu. "Shiga, Yaya."

Da yake ƙofar dama katanga ta tare ta, sai ta ƙofar direba Malama ta shiga, ta ja jiki da ƙyar ta haye kan giya zuwa ɗaya kujerar. Auta ya hau ya rufe. Ciki zafi kamar tanda, ga warin roba da man inji. Tagarta an lulluɓe ta da ragar sauro, bayan ragar kuma bulo ne, kusa da hancinta. Bayan kujeru akwatuna har rufi. Ta gane cewa ba ta da hanyar fita sai in shi ya sauka.

Ya tada inji, ƙara ta cika gidan. A gabansa akwai jerin maɓallai, kowane an manna masa wani abu daban: wannan ƙullin zare, wancan guntun roba, wancan ƙwayar wake. Ya bi su da yatsa yana dannawa. Fitilun suka kama gaba ɗaya, da rana tsaka.

Malama ta leƙa ta gilashin gaba ta yi wa matar alama da hannu ta buɗe ƙofar gida. Matar ta daɗe riƙe da kwaɗon. Daga bisani ta cire shi, ta tura ƙyauren nan biyu har suka bugi bango. Titi ya bayyana, da mai tura baro yana wucewa. Amma ba ta kauce ba. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar cikin jan zaninta, hannuwa a sake, duk hasken fitilun nan a jikinta.

Auta ya taka kuloci, ya sa giya, ya matso da fuska har goshinsa ya kusa taɓa gilashi. Sai ya danna hon.

"Maman yara! Buɗe mana ƙofar mana!"

Malama ta dubi ƙofar da ke wangale, ta dubi ƙanenta. Ya sake danna hon.

"Kin gani ko, Yaya? Kullum haka take min."

Ƙafarsa na neman zamewa daga kan kuloci. Malama ta kama birkin hannu da hannu biyu ta ja shi iya ƙarfinta, ta riƙe. Gumi na bin bayanta. Ta so ta fita, ta so ta koma gida ta ce ba ta ga komai ba, amma katanga na damanta, shi yana hagunta, matar na gabansu.

"Auta," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "ka san abin da dangi ke faɗi? Wai matarka ta ɗaure ka. Wai muguwa ce mai son jiki, ta kashe maka burinka. Jibi za su zo su duka su titsiye ta a tsakar gidan nan. Ita kuma na san ba za ta ce uffan ba. Tsani za ta ce."

Injin na ta kaɗawa a ƙarƙashinsu. Can sai ya mayar da giya, ya bi maɓallan da yatsa yana kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa makulli. Gidan ya yi tsit. Matar tana nan inda take.

"A buɗe take, ko?" ya tambaya.

"A buɗe take. Tana tsaye a tsakiya."

Ya ɗora hannuwansa biyu kan sitiyari.

"Ki gaya musu ba ita ba ce. Mota ta haɗu tun bara. Ni ne ba na gani, Yaya."