Jifa Ashirin da Huɗu a Igiyar Shanya

Ranar da Maman Gimbiya ta auri ɗan wasan kurket, ba wanda ya gaya mata cewa har da lissafi ta aura. Yanzu kam ta haddace shi tsaf. Mijinta mai jifan ƙwallo ne a ƙungiyar ƙasa, a gajeren wasan nan na zagaye ashirin. Duk Laraba ake sabunta jerin gwanayen duniya, mutum ɗari kacal ake nunawa, kuma duk wasan da ɗan wasa bai buga ba sai an zaftare masa maki.

Shekara shida ya yi yana fama kafin sunansa ya leƙa jerin. Sai kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba. Likita ya ce hutun wata guda. Wasa biyu suka wuce shi, ya gangaro daga na tasa'in da huɗu zuwa na tasa'in da tara.

Da hantsin Larabar nan ta same shi a falo, ya zuba wa waya ido kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Malam Tasa'in da Tara, shayinka ya huce."

"Ki bari, Maman Gimbiya. Saura taki biyu in faɗo. Zan kira koci in ce na warke, ranar Asabar da ni za a yi."

Ita ce ke jin nishinsa duk sanda zai sa riga, kuma ita likita ya ja gefe ya ce in jijiyar ta sake yagewa, sai dai a yi masa tiyata, kuma ba lallai ya ƙara jifa ba. Ta kwantar da Gimbiya, 'yarsu mai wata bakwai, ta ɗauko bokitin wanki ta dire a gabansa.

"Jifa nawa kake yi a wasa ɗaya?"

"Zagaye huɗu, kowanne shida. Ashirin da huɗu."

"To ga kayan 'yarka, na ƙirga, ashirin da huɗu cif. Ka shanya su da hannun dama. In ka gama fuskarka ba ta motsa ba, ni da kaina zan goge maka rigar wasa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mutumin da ya fitar da masu bugun ƙwallo huɗu a wasa ɗaya, shi za a gwada da wandon jarirai?"

"Wandon bai karanta tarihinka ba, maigida."

Igiyar da ke baranda shi ya ɗaure ta, kuma don nuna tsawo ya kai ta can sama da kansa. Ya shanya na farko yana fito. Na huɗu, fiton ya tsaya. Ta jingina da ƙofa tana ƙirgawa da ƙarfi, irin muryar masu sharhin rediyo.

"Na bakwai! Jama'a, gwanin ya cije leɓe!"

"Rana ce ta shiga idona."

"Ranar tana bayanka."

A na tara, hannun ya kai kunne ya ƙi gaba. 'Yar safa ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonta, ya dafe kafaɗar.

Nan ta bar tsokana. Ta ɗauke safar, ta nemo lambar koci, ta miƙa masa wayar.

"Suna kan fita daga jerin ya dawo," ta ce a hankali. "Kafaɗar ce ba mu da wata."

"Wani yaro ne fa zai haye wurina. Shekararsa goma sha tara."

"Ya riƙe maka, kada ya yi ƙura."

Wayar ta shiga. Ya gyara murya. "Koci, barka da hantsi. Maganar Asabar ce. A cire ni, sai likita ya sallame ni." Ya saurara kaɗan, ya saci kallon matarsa. "A'a, ba asibiti na je ba. A gida aka yi min gwajin."