Kimchin Kaka Ok-bun

"Ɗaga ganyen, ki cusa yajin har gindi! Kabeji ne a hannunki ko kan jariri?"

Kaka Ok-bun ce ke faɗa daga kan keken marasa lafiya, an naɗe ta da bargo biyu. Pabitra ta yi dariya, ta ƙara dumbuzo jan yajin da safar hannunta ta roba. Mata sun fi hamsin a dogon teburin bikin haɗa kimchi na garin, wato kabejin da ake cuɗawa da gishiri da yaji a adana a randuna, amma jama'a duk sun taru a ƙarshensa, inda baƙi uku suke: Pabitra 'yar Nepal da ƙawayenta biyu, waɗanda suke aiki tare a gonar tumatir ta cikin rumfar leda. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar su hoto.

"Ikon Allah, har sun iya!" in ji wani tsoho mai hular ulu. "Ke 'yata, barkonon nan bai fi ƙarfinki ba?"

"Baba, a garinmu irin wannan yara muke ba wa."

Wurin ya kaure da dariya, tsohon ya fi kowa. Ana haka wata budurwa daga gidan talabijin ta kutso da mai ɗaukar hoto a bayanta.

"Wa ya koya miki?"

Pabitra ta nuna da haɓa. "Ga ta nan. Maƙwabciyata."

Aka juya kyamara. Kaka Ok-bun ta gyara zama, ta karɓi ganye ɗaya ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa.

"Gishiri ya yi. Shekara huɗu ina zaginta kafin ya yi. 'Yar da na haifa kuwa tana Seoul, a kanti take sayen nata."

Aka sake fashewa da dariya, amma Pabitra hannun tsohuwar take kallo, yadda ya koma kamar tsinke, da farin idonta da ya rine ya yi rawaya.

Wata uku ke nan da ta raka ta asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a ciki, da wuya ta ga ƙarshen sanyi. A motar dawowa tsohuwar ta damƙe mata hannu. "In 'yata Mi-ran ta ji, ɗauke ni za ta yi zuwa Seoul, su cika min hanci da robobi. Rantse ba za ki faɗa ba." Pabitra ta rantse. Tun daga nan, duk Lahadi Mi-ran kan kira ta bayan ta gama da uwar. "Pabitra, Mama lafiya dai ko?" Ita kuma ta ce lafiya ƙalau, ta ajiye waya, abinci ya ƙi shiga. Kowace safiya kafin ta tafi gona sai ta leƙa ta kan 'yar katangar da ke tsakaninsu, ta tsaya har sai ta ji tari daga ɗakin.

Washegarin bikin, tana wanke manyan robobin da suka yi aiki da su, farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Mi-ran ta fito da kayan ofis a jikinta, idonta a kumbure.

"A labarai na gani," ta ce. "Abokan aikina suna ta nuna min, wai ga baƙi sun fi mu iya kimchi. Sai ga uwata a keke. Da farko ban ma gane ta ba." Ta kalli Pabitra. "Wata nawa kina ce min lafiya ƙalau?"

"Uku, Yaya."

Pabitra ta sunkuyar da kai tana jiran zagi. Ta yi mamakin kanta, domin abin da ta ji shi ne numfashinta ya sauka har ciki, karo na farko tun ranar asibiti.

"Bar yarinyar nan!" Kaka ta kwaɗo murya daga ɗaki. "Ni na ɗaure mata baki. In faɗa kika zo yi, shigo ki yi da ni."

Suka yi shi kuwa. Pabitra na tsakar gida tana jin komai.

"Mama, akwai manyan likitoci a can."

"Za su mayar da ni budurwa?"

"Mama!"

"A ɗakin nan na haife ki. Ƙasansa da ɗumi, na san inda kowane cokali yake. In mutu a hawa na goma sha biyu na asibiti, ina kallon rufin da ban sani ba? In don ki kai ni kika zo, ga hanya nan."

Mi-ran ta fito, ta wuce Pabitra ba ta kalle ta ba, ta shiga mota. Pabitra ta tsaya da ruwa na ɗiga daga hannunta, tana jiran ƙarar inji. Can sai Mi-ran ta fito, ta buɗe bayan motar ta sauke akwati.

"Kama min," ta ce. "Kuma nuna min inda take ajiye magungunan."

Kwana tara suka samu. Ma'aikaciyar jinya na zuwa kullum ta yi wa Kaka allurar rage zafi. Mutanen gari ma suka yi ta sallama, wasu don duba tsohuwar, wasu don ganin 'yar Nepal ɗin nan ta talabijin. Kaka kan ce, "Ku kalle ta da kyau, amma ba na bayar da aro." Ta sa aka buɗe ƙofar ɗakin, aka zaunar da Mi-ran a gaban roba cike da kabeji, Pabitra na koya mata.

"Yaya, har gindi."

"Ke ma zagina za ki yi?"

"Haka aka koya min."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Rana ta tara, da hantsi, ta nemi ruwan shinkafa. Ta sha cokali biyu, ta ce ya isa. Mi-ran na taje mata gashi, Pabitra na matsa mata ƙafa.

"Kun rufe randunan kimchin?"

"Mun rufe, Mama."

"To."

Ta lumshe ido. Numfashin ya yi ta raguwa a hankali, babu nishi, babu fizga. Mi-ran ta ci gaba da tajewa har ta kai ƙarshen gashin, sannan ta ajiye matajin, ta kifa fuskarta a kafaɗar uwar.

Bayan kwana uku na zaman makoki a zauren jana'iza suka dawo gidan su biyu. Mi-ran ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe hannun Pabitra da hannu biyu.

"Da kin faɗa min tun farko, da na kai ta Seoul. Na san kaina."

Suka zauna a dakalin katako na gaban ɗakin, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Takalman robar tsohuwar na nan kan dutsen bakin ƙofa, a jere, bakinsu na kallon waje yadda ta saba ajiye su. Dusar ƙanƙara ta farko ta fara sauka, tana taruwa a cikinsu kaɗan-kaɗan.