Wanda Zai Ce A Yanke

"Yanke!"

Odessa Pruitt ce ta faɗa, alhali ita ce a gaban kyamara. Ko rabin maganarta ba ta kai ba ta katse kanta, ta sauko daga barandar gidan da sauri, tana tattare doguwar rigar da aka ɗinka mata irin ta matan coci na da.

Wendell, mai ɗaukar hoto, ya ɗago daga bayan kyamara ya riƙe ƙugu. "To, yanzu kuma mene ne, Dessa?"

Odessa ta nuna akwatin da ke gefen wata budurwa 'yar wasa. "Akwatin nan ya yi sabunta da yawa. Janelle, goga shi a ƙasa."

"Ɗazu fa kika ce ya yi tsufa."

"Ɗazu daban, yanzu daban."

Ƙa'idar aikin ke nan, kowa ya sani: in kyamara ta fara ɗauka, ba mai tsayar da ita sai darakta. Ko rufin gida ne zai rufto, sai an jira bakinsa. To ga daraktar nan, ita ta rubuta labarin, ita ke ba da umarni, ita ce kuma uwa a cikin fim ɗin. Tun da aka ci abincin rana take hawa baranda tana saukowa, ma'aikata na tsaye cikin zafin Detroit gumi na tsiyaya, ba mai ikon ce mata kanzil.

Ita dai Odessa ba a halicce ta da zama ba. Tana 'yar shekara goma sha tara ta bar gidan nan ta tafi New York, ta yi wankin kwanuka da rana, da yamma ta hau dandamali a ƙananan gidajen wasa da ke saman shaguna. Da ta gaji da fitowa a 'yar aiki da nas, ta ce ita za ta rubuta nata. Da daraktoci suka dagula mata rubutun, ta ce su matsa, ita za ta ba da umarni. Ta koma Los Angeles, ta dawo, ta sake komawa. Aure biyu, gidajen haya ba iyaka, akwai kwalayen da har yau ba ta buɗe ba. Yanzu ga ta ta doshi sittin, ta dawo yin fim a kan mahaifiyarta, Lurleen, a cikin ainihin gidan da ta tashi.

Gidan kuwa nasa ya ƙare. Unguwar ta watse, hukuma ta shafa masa jan fenti, motar rusau tana can bakin kwana tana jiran gobe da safe. Fitowa ɗaya ta rage, ta ƙarshe, kuma rana ta fara gangarawa bayan coci. In ba a ɗauke ta yau ba, fim ba shi da ƙarshe, ba kuma inda za a sake samun barandar nan.

Fitowar ba wuya a takarda. Janelle, wadda ke fitowa a matsayin Odessa tana budurwa, za ta tsaya a ƙasan matakala da akwati. Uwa za ta sa mata albarka daga baranda. Yarinya ta ɗauki akwati ta bi titi zuwa inda bas ke tsayawa. Shi ke nan.

Sai dai ba haka aka yi ba a gaske. Ran da Odessa za ta tafi, Mama Lurleen ta dube ta, ta goge hannu a riga, ta juya ta shige, ƙofar raga ta bugu a bayanta. Ko "Allah ya kiyaye" babu. Odessa ta yi ta waiwaye har ta kai bakin kwana, ba ta ga komai ba sai baƙar ƙofa. Daga baya sun yi ta waya, a yi hirar sanyi da ciwon gwiwa da wanda ya mutu a coci, amma har tsohuwar ta koma ga Mahaliccinta ba wadda ta ta da zancen ranar. Abin yana cin Odessa har yau. Shi ya sa ta zauna ta rubuta wa uwar doguwar albarka mai daɗi, wadda duk wanda ya karanta sai ya share ido.

"Janelle, matsa hagu. A'a, dawo. Wa ya ajiye kofin kofi a kan taga? A wace shekara muke, jama'a?"

Wendell ya biyo ta har gindin bishiya. Tare suka faro tun New York, shi kaɗai ke iya taka mata burki. "Tsaya mana in yi magana, kin sa ina bin ki kamar ɗan akuya."

"Faɗi, ina ji."

"Akwati lafiyarsa ƙalau. Taga ma haka. Ke ce dai duk sanda kika zo bakin albarkar nan sai ki tsere."

"Ni? In tsere wa abin da na rubuta da hannuna?"

"Ke fa. Darakta ce ke ɓoye 'yar wasa a bayanta. Ki ba ni kalmar."

"Wace kalma?"

"Kin sani. Ki hau can ki yi wasanki, ni zan ce a yanke."

Odessa ta yi wata dariya marar daɗi. "Lallai tsufa ya fara taɓa ka. Shekara nawa na yi ina faɗa da ƙattin banza kafin a bar ni in faɗi kalmar nan? Sai yau in miƙa maka ita kamar ragowar burodi?"

"To riƙe kayarki. Dubi rana dai."

Ta duba. Inuwar cocin ta riga ta cinye rabin titi. Ta je wajen mota, ta dawo, ta gyara hular gashin da ke kanta, ta ɗauki ruwa ta ajiye ba ta sha ba. Janelle ta matso a hankali. "Mis Odessa, in kina so mu sake bitar maganar…"

"Na san maganar, 'yar nan, ni na haife ta."

Sai ta tafa hannu, kowa ya juyo. "Ku saurara! Wannan ɗaukar, Wendell ne zai tsayar. Ko kun ji na ce a yanke, ba da ku nake ba." Gus mai ɗaukar sauti ya ɗaga gira, ya zo ya gyara mata ɗan makirufon da ke maƙale a wuyan rigarta.

Ta hau baranda. Wendell ya ce a fara.

Janelle ta ɗago kai daga ƙasan matakala, akwati a gefenta. "Mama, zan tafi."

Odessa ta buɗe baki. Albarkar tana nan a kanta tsaf, kalma bayan kalma, amma da ta zo harshe sai ta ji ta kamar abinci ba gishiri. Lurleen ba ta taɓa magana haka ba. Lurleen da ko yabon miya ba ta iya ba! "Yanke" ta taso mata har maƙogwaro, ta tuna ba tata ba ce yanzu. Kyamara na kallonta, yarinya na jira, ba wurin gudu. Ƙafafun nan nata da ba su san tsayuwa ba su suka yanke hukunci. Ta goge hannu a riga, ta juya ta shige, ƙofar raga ta bugu.

A cikin duhun falon ta tsaya tana huci, kunya da haushi sun rufe ta. Ta ɓata ɗaukar, rana ta tafi. Tana jira ta ji muryar Wendell, shiru. Me wannan tsohon yake jira? Ta juyo a fusace za ta daka masa tsawa.

Sai ta ga titi.

Ta cikin ragar komai a fili yake, tas, har bakin kwana. Janelle ba ta ji an ce a yanke ba, don haka ta yi abin da aka koya mata, ta ɗauki akwati ta kama hanya. Ta ɗan yi nisa ta waiwayo. Idonta ya sauka daidai kan fuskar Odessa, amma ba ta gan ta ba. Wanda ke waje cikin haske ba ya ganin na bayan raga. Odessa ta shiga ta fita ta ƙofar nan ba adadi tana yarinya, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa a bayanta ta duba ba. Ina ta ga ta tsayuwa?

Ta ja da baya taku ɗaya, katakon ƙasa ya yi ƙara. Ai haka gidan nan yake tun fil azal, ko kyanwa ta gifta sai an ji daga waje. Ta daskare. A ranar nan, bayan ƙofa ta bugu, ta daɗe a ƙasan matakala tana kasa kunne, tana jiran ko za a dawo. Ba ta ji takun kowa ya yi cikin gida ba. Ko ɗaya.

Ashe nan Mama ta tsaya.

Odessa ta matsa ta dafa ragar da tafin hannu. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Can ƙasan titi Janelle ta sauya wa akwati hannu, ta sake waiwayowa, ta yi jim kamar za ta dawo.

"Tafi mana, yarinya," in ji Odessa, ƙasa-ƙasa, da wata murya da ba ta rubuta ba. "Daina waiwaye, bas zai wuce ki. Ina ganin ki. Tafi."

A waje ba wanda ya ji sai Gus, ta abin sauraron da ke kunnensa. Ya dubi Wendell, ya girgiza masa kai, kada ya kuskura ya ce a yanke. Wendell bai ma da niyya. Ya bar kyamara tana ɗaukar baƙar ƙofar da yarinyar da ke ƙara nisa, har ta sha kwana, har hasken ya ƙare.

Sannan ya ce a yanke, a hankali. Ma'aikata suka fara naɗe wayoyi, ba mai ɗaga murya. Odessa ba ta fito ba, tana nan tsaye a bayan ƙofar.