Uwargoyo da Gafiya

Fausia ta isa unguwar Deptford a Landan ranar Asabar tun masu kifi ba su gama zuba ƙanƙara a kan teburansu ba. A wani zaure da ke bayan kasuwar ne masu zane 'yan cin gashin kansu ke baje kolinsu, kowa da ɗan teburinsa, kuma a teburin ƙawarta Dinatu za a fara sayar da littafin da Fausia ta rubuta. Littafin yara ne, ɗan siriri, amma shi ne na farko. Ga mace da ta haura arba'in ba ta taɓa rubuta komai ba sai rahoton tsofaffin da take kula da su a wurin aiki, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Ita Dinatu 'yar Jos ce, kuma dabba ɗaya tak take zanawa a duniya, wata ta ƙasar Amurka da Turawa ke kira ofosom. Dogon baki, farar fuska, wutsiya ba gashi, 'ya'ya reras a gadon bayanta. Ba ta taɓa ganinta ido da ido ba, a waya ta gan ta, sonta ya kama ta. Tana buga ta a kati da jaka da kofin shayi, Turawa suna ta saye. Ranar da Fausia ta fara ganin zanen tsayawa ta yi cak, don ba dabba ta gani ba, mahaifiyarta Mma Amamata ta gani a zangon Nima, unguwar Hausawa baƙi da suka tashi a cikinta nesa da Najeriya, tukunyar wake da shinkafa a ka, ɗa a baya, wani riƙe da bakin zane. Daga nan labarin ya fito, Dinatu ta yi masa zane. Ta sha tambayar sunan dabbar a Hausa, ba wanda ya sani, sai ta raɗa mata nata: Uwargoyo.

To, kun san halin ɗan zango da Hausarsa. Kullum gani yake kamar tasa ta aro ce, ta Kano ce ta ainihi. Wannan kunyar ce ta sa Fausia ta tura wa yayanta Wahabu rubutun, shi da ya yi zaman Kano kafin ya zo Landan ya kama tuƙin bas, yake gyara wa kowa magana har a bakin kwanon abinci. Ta ce ya duba mata ƙa'idar rubutu kawai. Lokaci ya ƙure tana bakin aiki, shi ya tura wa masu bugawa kai tsaye. Kwalin littattafan ya sauka a gidan Dinatu, ita kuwa zanenta kawai ta duba, ta ga launi ya fito, ta mayar ta rufe.

Fausia ta buɗe kwalin da bismillah. A bangon littafin, ƙarƙashin dabbar da 'ya'yanta, an rubuta GAFIYA da manyan baƙaƙe. Ta shiga buɗe shafuka. Duk inda ta sa Uwargoyo, gafiya ce zaune daram. Ta dawo shafin sadaukarwa, inda ta rubuta wa mahaifiyarta cewa ita ce Uwargoyo na farko a gidansu, sai ta tarar da wannan: "Ga Mma Amamata, Gafiya ta farko a gidanmu."

Gafiya dai da kuka sani, mai haƙa rami ta kwashe gyaɗar mutane, wadda in aka kira mace da sunanta a kasuwa ɓarauniya ake nufi. Ita aka liƙa wa tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a bakin murhu ba ta taɓa rage wa mai saye ludayi ba.

Dinatu ta leƙo ta karanta, dariya ta taso mata, ta haɗiye da ƙyar da ta ga fuskar Fausia. Ta ce a yage shafin. Fausia ta tambaye ta sauran shafukan fa, da bangon? Sai Dinatu ta kwantar da murya, wai ai yawancin masu zuwa nan Turawa ne, ba su karanta Hausa, zanen za su saya. Da alheri ta faɗa, amma sai ta ƙara wa wutar fetur.

"Wato rubutuna kwalliya ne a gefen hotonki," in ji Fausia.

Dinatu ta kama jera kofuna da tuni an jera su.

Ana cikin haka Wahabu ya shigo, riƙe da hannun Mma, don a wurinsa take zaune a Stratford. Tsohuwa ta sha farin leshi da mayafin da ba ta fito da shi sai Sallah, tana dogara sanda, tana gaida Turawa da Hausa. Dinatu ta durƙusa ta ce sannu Mama, ta ba ta kujera. Fausia kuwa ta ja yayanta gefe, ta juya harshe zuwa Turanci don kada Mma ta ji.

Bai ga laifinsa ba. Ya ce uwar goyo mutum ce, ba sunan dabba ba ne, kuma kowace dabba Allah ya yi ta da suna. Ya ce ta dubi wutsiyar nan, ta dubi bakin nan, ko yaron Kano ya gani zai ce gafiya. Kwamfuta ya sa ta canza kalmar duka lokaci ɗaya, aikin minti guda. Har ma ya yi mata ƙari, ya gyara duk inda dabbar ke magana kamar namiji, don kada 'yan Najeriya su yi mata dariya. Fausia ta ce da gangan ta rubuta haka, muryar Mma ce, haka take magana tun suna yara. Ta ce waƙafi da aya ta roƙe shi, ba ta roƙe shi suna ba. Sannan ta buɗe shafin ta manna masa a fuska.

Ya karanta. Ya sake karantawa.

Mma ta daɗe da sanin cewa in 'ya'yanta suka koma Turanci a gabanta, akwai abin da ake ɓoyewa. Ba ta tambaya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki littafi guda, ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe tana kallon dabbar.

"Wannan uwa ya sha wahala," ta ce. "Ko zane ba shi da shi na goyo."

Daga nan ta ce Wahabu ya gaya mata a jirgin ƙasa cewa sunanta na ciki, a karanta mata ta ji. Fausia ta karɓi littafin da hannu biyu, ta juya ta ɗora a tafin yayanta.

"Yaya Wahabu, kai ka gyara. Kai za ka karanta."

Ya yi gyaran murya. Ya karanta sunan Mma, ya tsaya, gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin zauren. Can ya ce, "Uwargoyo ta farko a gidanmu." Mma ta yi murmushi ta ce ya ci gaba har ƙarshe. Haka ya bi labarin yana tuntuɓe, duk sanda ya iso kalmarsa sai ya tsallake ya sa ta ƙanwarsa. Fausia na tsaye a kansa, hannu a ƙugu, ba ta taimake shi da ko harafi ɗaya ba. Da ya gama, Mma ta ce labari ya yi daɗi, sai dai dabbar tana magana kamar masu karanta labarai a rediyo.

Sai ta karɓi littafin ta buɗe jakarta. Ta ce ranar Juma'a za ta kai masallacin Whitechapel, Hajiya Awabu ta iya karatun boko, za ta karanta wa sauran mata su ji abin da 'yarta ta rubuta.

Fausia ta kalli Wahabu. Jira take ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi. Ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ita kuma ba za ta iya faɗin kalmar nan a kunnen mahaifiyarta ba, ko don ta wanke kanta. Ta durƙusa, ta kama gefen littafin.

"Mma, ba a gama shi ba tukuna."

"An buga, ba a gama ba?" Tsohuwa ba ta saki ba. "Ko kai ma kunya kake ji a san ni na haife ka?"

Fausia ta ce ba haka ba ne, ta yi haƙuri. Ta ci gaba da ja a hankali har yatsun suka saki. Tunda take ba ta taɓa karɓe abu daga hannun Mma ba sai yau. Tsohuwa ta rufe jaka, ta gyara mayafi, ta kau da kai, ta ce wa Wahabu ya mayar da ita gida ƙafarta na ciwo.

Sun kai bakin ƙofa Fausia ta ɗaga murya, da Hausarta ta Nima, ba gyara: "Ka yi deleting rubutuna daga kwamfutanka. Yau ɗin nan."

Bai waiwayo ba. Ta mayar da littafin cikin kwali, ta rufe, ta zauna a kai. Wata Baturiya da ta hango bangon tun ɗazu ta matso tana tambayar Dinatu ko na sayarwa ne. Dinatu ta dubi Fausia. Fausia ta ce a'a.