Maganin Zawo na Likita Lamidi

Likita Lamidi yana da wani ruwan maganin zawon yara da ya haɗa da kansa, kuma duk wanda ya zauna da shi a Jos sai ya sha labarinsa har ya ƙoshi. Hujjarsa ɗaya ce: yaron da ya ba wa, ba a sake dawo masa da shi.

A daminar 1956 aka tara likitocin unguwanni da na sansanonin haƙar kuza, wani dattijo, Likita Alexander, ya zo koya musu yadda ake bincike. Lamidi ya miƙe ya yi ta zuba. Dattijon ya bari ya gama tas, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa ganin yaran da idonsa bayan an tafi da su. Lamidi ya ce ai yana haɗuwa da iyayen a kasuwa, kowa ya ce da sauƙi. Dattijon ya ce to ya taka gida-gida ya gano.

Lamidi ya tafi a fusace, don kawai ya rufe bakin tsohon.

Ya fara da gidan Ibrahim tela a Naraguta. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, ya ce a fito masa da Rabi, 'yar da ya duba. Ibrahim ya sunkuyar da kai ya ce ta rasu tun kafin azumi.

Lamidi ya ce, "Malam Ibrahim, kai ka ce mini da sauƙi."

"Likita, ka yi iya ƙoƙarinka. Ya za a yi in tare ka a bainar jama'a da irin wannan magana? Kwananta ne ya ƙare."

A wasu gidajen ya tarar da yara suna guje-guje. A wasu kuwa godiya aka yi masa, da tabarma, da sunkuyar da kai. A Bukuru, matar Gyang direba, wadda ita ma ɗanta ya rasu, ta ce masa tana jin nauyin komawa ne, kada ya ɗauka laifi take ɗora masa.

Ya kamo hanyar dawowa. Ko maganin ne ya kashe yaran, ko bai yi komai ba, wallahi bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai tsorata shi.

Ya tarar da mata cike da barandar asibitinsa. Ta farko ta miƙo masa jaririnta, idanunsa sun zurma, ta ce daga nesa ta zo, a taimaka a ba shi wancan mai kyan, wanda ba a taɓa jin kowa ya yi kuka da shi ba.