Inna Kubura a Cokalin Katafila

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, duk leburorin wurin sun san Mamuda mai goro. Daga Morai yake zuwa da huhunsa a bayan keke, amma rabin yininsa a tsaye yake ƙarewa, baki buɗe, yana kallon katafiloli masu dogon hannu suna yagar ƙasa suna zubawa a tifa. Wani lokaci sai mai saye ya taɓa shi kafin ya tuna goro ya zo sayarwa.

Da aiki ya fara ja baya, kamfanin ya ware injunan da suka gaji a wani fili wajen Maradun, ya ce mai so ya saya a farashin ƙarfe. Mamuda bai shawarci kowa ba. Ya karɓo shanunsa da ke hannun Fulani ya sayar, ya je ya nuna wata tsohuwar katafila mai koɗaɗɗen fenti, wadda zabuwa ta yi ƙwai a kan kujerarta. Nan take ya raɗa mata suna Gimbiya. Daga nan ya wuce Bakura ya ɗauko abokinsa Jibrin, bakaniken da ya taɓa aiki a garejin kamfanin.

Jibrin ya zagaya ta, ya leƙa tanki, ya shinshina. "Mamuda, mi kas sawo haka? Wagga ai ta riga mu gidan gaskiya."

"Barci takai," in ji Mamuda. "Kai dai tashe ta."

Suka shafe kwanaki a kanta. Suka wanke tanki, tsatsa ta fito kamar kunun kanwa. Suka juye tsohon baƙin mai, suka canza filta, suka cusa giris a kowace gaɓa ta hannun. Jibrin ya sassauta bututun da ke kai man gas cikin inji, ya sa Mamuda danna ɗan famfon hannu don iskar da ta shiga ta fita, har babban yatsansa ya yi bororo. Suka aro batir daga wani direban babbar motar roka.

Da Jibrin ya murza makulli, Gimbiya ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Sai salansa ta tofar da sheƙar ɓera da baƙin hayaƙi, inji ya kama da ƙarar da ta kori awakin da ke kiwo a filin. Mamuda ya jefar da hula, ya rungume Jibrin, ya sake shi, ya je ya rungume sarƙar katafilar. Farar rigarsa ta koma kamar tsumman gareji, shi ko sai dariya yake har da hawaye.

Tirela ta sauke musu ita a bayan Talata Mafara, suka kama hanyar Morai da sassafe. Jibrin na tuƙi, Mamuda na tsaye a matakala yana watsa wa mutane goro. Jaki ma ya fi ta sauri, don haka duk wanda ya gan su sai ya biyo baya. Wani mai sayar da mai a bakin hanya ya ga abin ya burge shi, ya juye musu jarka guda kyauta.

Kafin su isa gida, taron ya kai na suna. A ƙofar gida, gindin tsamiya, mahaifiyar Mamuda na zaune a tabarma. Inna Kubura tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba a taɓa jin ta yaba wani abu da Mamuda ya saya ba. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta dubi dogon hannun, ta dubi cokalin haƙar da ke bakinsa. "Auta, wanga cokali har ina yaka kai?"

"Har saman iccen ga, Inna."

"To, ɗauko mini ƙwarya. Tun ina amarya nike kallon tsamiyar can ta ƙololuwa tana bushewa a banza."

"Inna, don Allah! In kin faɗo mi zan ce ma dangi?"

"Ka ce ni nis sa ka."

Aka shimfiɗa tabarma cikin cokalin, ta shiga ta zauna, ta gyara lulluɓi. Jibrin ya yi bisimilla, ya ja sanda a hankali. Inna Kubura ta fara tashi sama. Mata suka leƙo ta kan danga suna guɗa. Mamuda na ƙasa da hannuwa a buɗe, yana bin inuwarta. Ta kai cikin rassa, ta fara tsinka tana jefawa a ƙwarya.

"Kai jama'a!" ta ƙwala daga sama. "Ga ruwan kanal can yana walƙiya! Ke Lantana, akuyarki na kan rumbuna!"

Ana cikin wannan dariyar inji ya shaƙe, ya yi tari, ya mutu. Man kyautar nan ashe da ruwa a ciki.

Mamuda ya ɗora hannu a ka. "Jibrin! Uwata!"

"Kwantar da hankalinka," in ji Jibrin, yana laluben sifana. "In na sassauta man hannun kaɗan kaɗan, da kansa zai sauko."

"Kada wanda ya taɓa komi," muryar Inna ta sauko daga ganye. "Ƙwaryata ba ta cika ba."

Haka suka tsaya, garin duka, wuya a sama, har ta gama. Sannan Jibrin ya ɗan juya sifana, hannun ya yi ta sunkuyowa yana huci har cokalin ya taɓa ƙasa. Ta fito, ta karkaɗe zane, ta miƙa wa Jibrin tsamiya cike da hannu biyu.

Washegari suka sake wanke tanki, Jibrin ya koya wa Mamuda tace mai da ƙyalle kafin ya zuba. Ba a yi sallar azahar ba sai ga manoma daga Garbadu sun zo tambayar ko Gimbiya za ta iya yashe musu tafki kafin damina. Mamuda ya ce za ta iya tun ba su gama gaisuwa ba.